Kasuwa, A Kai Miki Dole?

 Na san akwai iyayen da za su ce, "To, ga shi nan, an tura yaro makaranta neman ilimi, ya ɓuge da rubutu a kan gem." Ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe. Maganar da zan yi ta kasuwa ce, mutumin Wudil kuwa ba a koya masa kasuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bijimin mahaifina, wanda wani kaso na kuɗinsa ya narke a cikin akwatin gem.

Ga yadda abin ya faru. Da yayana ya gama sakandare bai sami gurbi a jami'a ba a wannan shekara. Baba ya ga zaman banza ba zai haifar masa da alheri ba, sai ya ja bijimi guda ya kai Kara ran Juma'a, ya sayar, ya danƙa masa kuɗin ya ja jari. Yaya ya kama shago kusa da tasha, ya sayi talabijin biyu, da benci uku, da ɗan janareto, da akwatin PlayStation guda na hannu. Sa'an nan ya ɗauki sauran kuɗin ya shiga birni don ya ƙaro akwati na biyu. A can wani mai shago ya nuna masa akwatin wani kamfani dabam, kusan sabo a cikin kwalinsa, ga kyan gani, ga araha. Ba zan kama sunan akwatin ba, domin ba ƙarar kowa na kawo ba. Yaya ya biya, ya dawo gida yana murna ya yi tsintuwa.

Kashegari yara suka cika shago. Tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, akwai ƙwallo a ciki?" Akwai ƙwallo, amma tsohuwa ce, 'yan wasan da ke cikinta wasu sun canza kulob tuntuni, wasu ma sun daina wasa. Sau uku Yaya yana komawa birni neman sabuwa, a ƙarshe aka gaya masa kamfanin da ke yin wasan ƙwallon ya daɗe da daina yi wa wannan akwati. Yara suka ci gaba da layi a bayan tsohon akwati, sabon kuwa aka lulluɓe shi da tsumma don ƙura. Bayan wata huɗu Yaya ya sayar da shi, ko rabin kuɗinsa bai samu ba.

Ran da ya sayar, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, sai ya ce, "Baba, waɗannan kamfanoni ba su da amana. Akwati mai kyau, amma duk sun juya masa baya sun bar shi ya mutu." Baba, wanda ya fi shekara talatin yana dillancin shanu, ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin farken da ya kora shanunsa zuwa kasuwar da ba ta ci, wai don yana tausayin mai rumfa?" Tun daga wannan dare nake juya maganar nan a zuciyata, na kuma karanta abin da na iya samu a kai. Ra'ayina shi ne Baba ya fi Yaya gaskiya, ko da yake Yaya ma yana da ɗan abin kamawa.

Bari in fara da bayani domin iyayenmu. Akwatin gem na'ura ce da ake jona wa talabijin, a riƙe hannu a buga wasa. Akwatin shi kaɗai ba ya tsinana kome sai an sa masa wasa, kamar rediyo ne da babu tasha. Kamfanonin da ke ƙera akwatuna a yau manya uku ne, watau Sony da Nintendo na ƙasar Japan, da Microsoft na Amurka. Kowannensu yana yin nasa wasanni, amma ba su isa su cika akwati ba. Mafi yawan wasannin wasu kamfanoni ne dabam ke ƙirƙirarsu, kamar EA na Amurka, mai wasan ƙwallon da aka sani da FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023, da Konami na Japan, mai PES wanda ya koma eFootball a 2021, da Ubisoft na Faransa. Waɗannan su zan kira fataken gem. Mai akwati shi ne mai kasuwa, kuma yana karɓar la'ada a kan kowane wasa da farke ya sayar. Sau da yawa ma a kan asara yake sayar da akwatin da farko, yana sa ran ya fanshe daga la'adar.

Masu iya magana sun ce, kasuwa a kai miki dole. Gaskiya ne, amma ga kasuwar da take ci. Me ya sa ake kawo shanu Wudil daga Jigawa da Yobe da Borno, har daga Nijar? Domin farke ya tabbata ran Juma'a zai tarar da masu saye, da manyan motocin da za su yi lodi zuwa Kudu. Me ya sa masu sayen ke zuwa? Domin sun tabbata za su tarar da shanu. Kowane ɓangare saboda ɗayan yake zuwa. Haka akwatin gem yake. Kafin kamfani ya mayar da wasansa ya yi aiki a kan wani akwati, sai ya biya ma'aikata watanni suna gyara, wannan shi ne kuɗin motarsa. In masu akwatin ba su da yawa, ba zai mayar da kuɗin mota ba, sai ya ƙi zuwa. In ya ƙi zuwa, mutane su ƙi sayen akwatin. In sun ƙi saye, sauran fatake ma su janye. Da zarar kasuwa ta faɗa wannan rami, fitarta sai an sha wuya.

Misali na farko shi ne Dreamcast na kamfanin Sega. Ya fito a Japan a 1998, ya isa Amurka ran 9 ga Satumba, 1999. Akwati ne mai kyau a zamaninsa, har da abin shiga intanet a jikinsa. Amma EA bai yi masa ko wasa ɗaya ba, alhali kuwa a kan wani tsohon akwatin Sega, mai suna Mega Drive, wasan FIFA na farko ya fito a 1993. Da Sony ya fito da PlayStation 2 a shekarar 2000, sai fatake suka karkata can. A watan Janairu na 2001 Sega ya ba da sanarwar daina ƙera Dreamcast, kuma duk abin da aka sayar bai wuce miliyan tara da 'yan kai ba. PlayStation 2 kuwa ya haura miliyan 155, kuma har a 2013, shekara goma sha uku bayan fitowarsa, EA da Konami suna yi masa sabon wasan ƙwallo. Shi ya sa ya daɗe a shagunan gem na ƙasar nan. Sega kuwa daga nan ya bar ƙera akwati ya koma yi wa akwatunan wasu wasanni, watau mai kasuwa ya zama farke.

To, a nan wani zai ce EA ne ya kashe Dreamcast. Amma ruwa ba ya tsami banza. A watan Mayu na 1995 Sega ya fitar da akwatinsa Saturn a Amurka ba zato ba tsammani, watanni kafin ranar da ya sanar, ya bar masu kantuna da masu ƙirƙirar wasanni ba su shirya ba. Ga shi kuma akwatin yana da wuyar yi wa wasa, bai daɗe ba kuma Sega ya yi watsi da shi. Farken da ya taɓa kai kaya wata kasuwa aka tashe ta da rana tsaka, in an sake kiransa sai ya yi tunani sau biyu.

Misali na biyu ya nuna cewa sharuɗɗan mai kasuwa ma suna korar fatake. A 1996 Nintendo ya fito da Nintendo 64, ya nace a kan kaset, alhali PlayStation na farko da faifai yake aiki. Kaset ya fi faifai tsadar bugawa, kuma mafi girmansa abin da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da faifai guda ke ɗauka ba. Kamfanin Square, wanda ya daɗe yana yi wa Nintendo wasanni, ya kwashe kayansa ya kai wa Sony, ya fitar da Final Fantasy VII a 1997 a kan faifai uku. Nintendo 64 ya tsaya wajen miliyan 33, PlayStation ya wuce miliyan 100. Wa za a ba laifi a nan? Rumfar ce ta yi wa kayan farke kaɗan.

Misali na uku shi ya fi kusa da zamaninmu. A watan Nuwamba na 2012 Nintendo ya fito da Wii U, bayan akwatinsa Wii ya sayu kusan miliyan 100. Tun a 2011 shugaban EA na lokacin, John Riccitiello, ya hau dandalin Nintendo a wani babban baje koli a Amurka, ya yi alkawarin goyon baya mai ƙarfi. EA ya kawo 'yan wasanni kaɗan, har da FIFA 13, amma da ciniki ya ƙi, a watan Mayu na 2013 ya ce ba ya shirya wa akwatin wani sabon wasa. Daga FIFA 13 ɗin nan Wii U bai sake ganin FIFA ba. Ubisoft ma yana da wani wasa, Rayman Legends, da aka shirya don Wii U kaɗai, amma a 2013 ya jinkirta shi ya raba wa sauran akwatuna. Zuwa lokacin da aka daina ƙera Wii U a farkon 2017, bai kai miliyan 14 ba.

A nan ne Yaya yake da abin kamawa, kuma wani abokina a ajinmu ya ƙara masa da hujja mai nauyi. Ya ce in kowane farke ya bi kasuwa mafi girma, wata rana kasuwa ɗaya ce za ta rage, mai ita kuwa zai tsawwala la'ada yadda ya ga dama, a ƙarshe mai saye ne zai biya. Ya ce kuma mutanen da suka sayi akwati saboda alkawarin da wani farke ya yi a bainar jama'a, an bar su riƙe da akwati wofi. Na yarda da duka biyun. Alkawari kaya ne, kuma kamfanin da bai tabbata zai iya ɗauka ba bai kamata ya tsaya gaban jama'a ya yi shi ba. Haka nan gasa tsakanin masu akwatuna alheri ce ga mai saye.

Amma inda muka rabu da abokina shi ne wajen magani. Shi yana so fatake su ci gaba da kai kaya don tausayi. Ni kuwa na ce tausayi ba ya biyan albashi. Kamfanin da ya ci gaba da yi wa mataccen akwati wasa, ma'aikatansa ne za su rasa abinci, akwatin kuma ba zai tashi ba. Nauyin raya kasuwa a wuyan mai kasuwa yake, tun da shi ne mai cin la'ada in ta ci. Shi ya kamata ya fara zuba nasa kaya masu kyau don ya jawo masu saye, ya sauƙaƙa wa baƙo hanyar shigowa, ya rage la'ada in ta kama, in ya zama dole ma ya biya wa farke kuɗin mota.

Nintendo da kansa ya nuna haka. Shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa a 2014 saboda asarar da kamfanin ya yi. A watan Maris na 2017 suka fito da Switch, tare da nasu babban wasa na Zelda tun ranar farko. Suka sa ya yi sauƙin yi wa wasa da kayan aikin da masu ƙirƙira suka saba da su, suka kuma jawo ƙananan kamfanoni a jiki. Da mutane suka yi ta saye, kafin shekarar ta ƙare FIFA 18 ya sauka a kan Switch. Zuwa 2025 an sayar da fiye da miliyan 150. EA ɗin da aka zarga da butulci shi ne ya dawo da ƙafarsa, ba don zuciyarsa ta yi laushi ba, sai don kasuwa ta ci.

Kada kuma a ɗauka cewa yawan fatake kaɗai shi ne lafiyar kasuwa. A 1979 wasu ma'aikata huɗu suka bar kamfanin Atari na Amurka suka kafa Activision, kamfani na farko mai yi wa akwatin wani wasanni. Da aka ga akwai riba, kowa ya shigo, gwani da ɗan koyo, aka cika kantuna da wasannin banza har mutane suka daina saye. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, Atari ya binne kasusuwan da suka yi kwantai a wani juji a garin Alamogordo, aka tono su a 2014. Da Nintendo ya kai akwatinsa Amurka a 1985 sai ya kafa doka, ba mai yi wa akwatinsa wasa sai da izini, kuma kamfani ba zai wuce wasa biyar a shekara ba. Kara ma in aka bari ana shigo da shanun sata da marasa lafiya ba mai tsawatawa, masu saye za su gudu. Wannan ma aikin shugabannin kasuwa ne.

Iyayenmu da ke ganin zancen bai shafe su ba, su tuna da wayar BlackBerry. An yi lokacin da a Nijeriya wanda bai riƙe ta ba bai shigo gari ba. Amma masu yin manhajoji suka karkata ga Android da iPhone, kuma a ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina tallafa wa tsoffin wayoyin BlackBerry. A ƙarshen 2019 ya janye daga wayoyin Windows su ma. Wayoyin ba su lalace ba, fatake ne suka ƙaurace musu. Akwai kuma wani abin lura a labarin wayoyin Windows. Lokacin da manyan kamfanoni ke ja da baya, wani matashi ɗan Nijeriya, Abiola Olaniran, ya kafa kamfanin Gamsole yana yi musu wasanni, aka sauke wasanninsa sau miliyoyi a ƙasashe da yawa. Kasuwar da manya suka raina, ƙaramin ɗan kasuwa kan sami wurin baje kayansa a cikinta, muddin ya san kada ya ɗaure duk jarinsa a rumfa ɗaya.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko ga duk mai niyyar sayen na'ura, ko akwatin gem ce, ko waya, ko kwamfuta, ko ma injin ban ruwa. Kada kyan kwali da araha su rufe masa ido. Ya tambaya, su wa ke yi mata kaya? Yaushe aka yi mata sabon abu na ƙarshe? In ta lalace, akwai kayan gyaranta a Kano? In mai shago ya fara kame-kame, to, ya riƙe kuɗinsa. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa dalilin arahar shi ne fatake sun riga sun watse.

Ta biyu ga iyayenmu. Damuwarku game da shagunan gem tana kan hanya. Akwai yaran da ke tserewa daga aji su wuni a can, akwai masu sa kuɗi a kan wasa, wanda caca ce ƙarara, akwai masu bari sallah ta wuce su. Duk wannan abin tsawatawa ne. Amma in kun ga yaro yana tambayar yadda aka yi abin, ba yadda ake buga shi kaɗai ba, to, wannan a ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe lissafi da darasin kwamfuta da kyau.

Ta uku gare mu ɗalibai. Duk labaran nan sun nuna cewa kamfani mai dukiya kamar Sega ko Nintendo yana iya durƙusawa in masu ƙirƙirar wasa suka ƙi shi. Ashe masu rubuta abin da ke cikin akwati suna da ƙarfin da mai akwatin yake tsoro. A Legas akwai kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, yana yin wasannin waya a kan rayuwar mutanen Afirka. Mu kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garinmu tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ni dai a duk shagunan gem da na shiga a Wudil ban taɓa ganin dambe irin namu ba, ko kokawa, ko langa, ko dara. Kullum kulob-kulob na Ingila da Sifen muke bugawa. In ba mu muka koyi yi ba, wa zai yi mana?

Shi kuwa Yaya, da ɗan abin da ya samu ya cika ya sayi wani PlayStation na hannu, ya yi shekara yana tari har ya mayar wa Baba kuɗin bijiminsa, yanzu kuma yana karatu a jami'a. Ran da ya kawo kuɗin, Baba ya ƙirga, ya zare wani abu ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe wannan. Gobe in za ka sayi kaya, ka fara leƙa kasuwar ka ga ko tana ci."

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa wa iyayenmu albarka a cikin nemansu, amin.

Daga wani ɗalibi na aji biyar.